Baƙaƙen Layukan da Suka Tona Asirin Gudun Taurari

Idan damina ta ɗauke, kafin hazon hunturu ya kankama, akwai 'yan makonni a Oktoba da Nuwamba da sama take wankewa tas. Wanda dare ya same shi a gefen Tiga, ko can cikin Doguwa wajen dajin Falgore inda hasken lantarki bai cinye duhu ba, in ya ɗaga kai bayan isha'i ya dubi arewa maso gabas, zai iya hango wani ɗan tabo fari-fari a tsakanin taurari. Masanin taurarin nan na Farisa, Abdurrahman al-Sufi, ya ambace shi a littafinsa wajen shekarar 964, ya siffanta shi da ƙaramin gajimare. Yau ana kiransa Andromeda. Galaksi ne, wato dandazon taurari ɗaruruwan biliyoyi irin wanda ranarmu take ciki, kuma haskensa sai ya yi shekara miliyan 2.5 a hanya kafin ya iso idonmu.

Masana sun ce wannan ɗan tabo yana matso mu da gudun kilomita 300 a kowane sakan, fiye da tazarar Kano zuwa Kaduna kafin ka ƙifta ido. Sun kuma ce kusan duk sauran galaksin da ke nesa guje mana suke yi. Mai hankali ba zai haɗiye wannan magana haka kawai ba. Babu wanda ya je can. Tabon bai ƙara girma ba tun zamanin al-Sufi, bai kuma gusa daga inda yake ba. Abin da yake zuwa mana daga wurin haske ne kaɗai. To, ta yaya haske zai faɗi gudun abin da ya fito daga gare shi?

Bakin zaren yana kan titi. Tsaya a gefen hanyar Kano zuwa Zariya, wajen Kwanar Ɗangora, ka jira direban tirela ya danna oda bai saki ba. Yana tunkaro ka ƙarar tana da kaifi, yana giftawa sai ta faɗi ta yi kauri. Yaran da ke talla a wurin sun san wannan sauyi, har kwaikwayonsa suke yi da baki. Shi kuwa direban, ƙara ɗaya yake ji daga farko har ƙarshe. Ke nan odar ba ta sauya ba, abin da ya iso kunnenka ne ya sauya.

Dalilin shi ne ƙara igiya-igiya take tafiya a cikin iska, wajen mita 340 a sakan. Tsakanin kowace igiya da mai bi mata akwai tazara, wadda masu sauraron rediyo suka daɗe da saninta da sunan zango: gajeren zango, matsakaicin zango, mita 31, mita 49. In motar tana nufo ka, kafin ta saki igiya ta biyu ta riga ta ɗan matso, sai zangon ya gajarce, ƙarar ta yi siriri. In ta ba ka baya, kowace igiya daga wuri mafi nisa take tasowa, sai zangon ya tsawaita. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin wajen mita 28 a sakan, kusan kashi 8 cikin 100 na gudun ƙara, shi ya sa kunne yake kama bambancin nan take. Na'urar rada da jami'an kiyaye haɗurra suke auna gudun mota da ita, kan wannan ƙa'ida take aiki: ta jefa wa mota igiyar rediyo, ta auna yadda zangonta ya sauya da ta dawo.

Wanda ya fara rubuta ƙa'idar, Christian Doppler, ɗan Ostiriya ne mai koyarwa a birnin Prag, a 1842. Bayan shekara 3 wani ɗan Holan, Buys Ballot, ya ɗora masu busa ƙaho a kan jirgin ƙasa kusa da Utrecht, ya tsayar da masu kunnen kiɗa a gefen dogo, suka tabbatar da ita. Amma Doppler ba don ƙaho ya yi rubutunsa ba, taurari yake nufi. Haske ma igiya ne, kuma zangonsa shi ne launinsa. Ja shi ne mai dogon zango, wajen nanomita 700 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), shuɗi da shunayya gajeru, wajen 400 zuwa 450. Sai Doppler ya ce, ashe tauraro ja gudu yake yi daga gare mu, shuɗi kuma zuwa yake yi.

Maganar ta yi daɗi, amma ba ta tsaya ba. A dararen hunturu, in ka dubi jerin taurarin da Larabawa suke kira Jauza'u, akwai manya biyu: Betelgeuse ja, Rigel fari mai shuɗi-shuɗi. Da aka iya auna su daga baya, sai aka tarar dukansu nisanta suke yi da mu, kuma da kusan gudu ɗaya, wajen kilomita 20 a sakan. Launinsu daga zafinsu yake. Maƙeri ya san ƙarfe yana fara ja ne, in wuta ta ƙaru ya yi rawaya, ya koma fari. Fuskar Betelgeuse ba ta wuce digiri 3,500 da wani abu ba, ta Rigel kuwa ta haura 10,000. Ga kuma lissafi. Haske yana gudun kilomita 300,000 a sakan. Kilomita 20 a gefen wannan ba ta kai kashi ɗaya cikin 10,000 ba. Kafin jar fitila ta koma kore a idonka sai ka nufe ta da gudun da ya wuce kilomita 50,000 a sakan. Akwai ma wata matsalar da ta fi waɗannan: tauraro yana fitar da hasken da ido ba ya gani, a bayan ja da kuma a gaban shunayya. In duk jerin launukan ya gusa kaɗan, wanda yake ɓoye zai shigo ya cike gurbin wanda ya fita, farin tauraro ya ci gaba da zama fari.

Ido kaɗai ba zai raba wannan gardama ba, domin abubuwa da yawa suna sa haske ya yi ja. Rana tana yin jajur in za ta faɗi a bayan Tafkin Bagauda, ba don tana gudu ba, sai don iska da ƙura sun watsar da shuɗin da ke cikin haskenta. Ana bukatar wata alama a jikin hasken, wadda aka san ainihin mazauninta, yadda in ta gusa za a ce ta gusa.

Alamar tana nan tun kafin Doppler, ba a dai san amfaninta ba. A 1814 wani mai sana'ar gilashi a Jamus, Joseph Fraunhofer, ya ratsa hasken rana ta gilashi mai kusurwa uku, hasken ya baje kamar bakan gizo. Da ya duba da kyau sai ya ga bakan a tsattsage yake da siraran baƙaƙen layuka. Ya lissafa fiye da 500, ya sa wa manyansu haruffa, ya rasu bai san abin da ya kawo su ba. Sai wajen 1859 Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen, a Heidelberg, suka gano cewa kowane sinadari yana da nasa launukan da yake fitarwa in ya yi zafi, kuma su ɗin dai yake shanyewa in haske ya ratsa tururinsa. Barbaɗa gishiri a harshen wuta ka ga ya yi rawaya: sodiyam ke nan, a zangon nanomita 589. Haidirojin yana da jan layi a 656.3, da wani mai shuɗi-kore a 486.1, da wasu a gaba, a jere da tazarar da ba ta sauyawa. Baƙaƙen layukan Fraunhofer sa hannun sinadaran da ke saman rana ne.

Nan ne, a ganina, zuciyar labarin take. Ƙura tana iya rage shuɗi, zafi yana iya ƙara shi, amma babu ɗayansu da zai ɗauke layin haidirojin daga 656.3 ya kai shi wani wuri. Motsi kuwa yana yi. Bafaranshe Hippolyte Fizeau ya nuna tun 1848 cewa layukan ne ya kamata a sa wa ido. In sun gusa wajen ja, abin yana nisa. In wajen shuɗi, yana matsowa. Kuma gwargwadon gusawar, gwargwadon gudun.

Faɗa ta fi aikatawa sauƙi. A 1868 William Huggins a Landan ya gwada a kan Sirius, tauraron da ya fi kowane haske da dare, wanda Alƙur'ani ya ambata da sunan Shi'ira a Suratun Najmi. Da ido ya yi awon, ya ce tauraron yana nisa da kusan kilomita 47 a sakan. Gaskiyar ita ce matsowa yake yi, da gudun da bai kai kilomita 10 ba. Hanyarsa daidai ce, kayan aikin ne ba su kai ba. Sai da Hermann Vogel a Potsdam ya koma ɗaukar hoton bakan, wajen 1888, aka fara samun adadin da za a dogara da shi. Sannan sama da kanta ta ba da hujjar da ba a nema ba. Ƙasa tana kewaya rana da gudun kilomita 30 a sakan. Tauraron da muke nufa a wannan wata, bayan wata 6 baya muke ba shi. Layukansa kuwa haka suke yi, su karkata wajen shuɗi, bayan rabin shekara su koma wajen ja, daidai da adadin da lissafi ya ce. Bayan wannan babu sauran shakka a kan taurarin da ke kusa.

Asirin na gaske ya ɓullo ne daga Flagstaff, a jihar Arizona ta Amurka. Percival Lowell, mai gidan kallon taurarin da ke can, yana zaton tabo-tabo irin na Andromeda masu siffar murɗaɗɗen gammo sababbin ranaku ne da duniyoyinsu suke haɗuwa. Ya sa ma'aikacinsa, Vesto Slipher, ya bincika. Haskensu raunanne ne ƙwarai, sai a bar farantin hoto a buɗe awanni, wani lokaci a haɗa dare biyu ko uku a faranti guda, mutum yana tsaye cikin sanyi yana bin tabon da madubin hangen nesa. A Satumban 1912 Slipher ya sami farantinsa na farko na Andromeda. Layukan sun gusa wajen shuɗi da kashi ɗaya cikin 1,000. Kashi ɗaya cikin 1,000 na gudun haske shi ne kilomita 300 a sakan, kuma a lokacin ba a taɓa auna wani abu a sama mai irin wannan gudu ba.

Ya ci gaba, sai labari ya juya. Zuwa 1917 ya auna 25, kuma 21 daga ciki wajen ja suka karkata, wasu da gudun da ya kai kilomita 1,000 a sakan. Da a ce kowanne harkar gabansa yake yi, da rabi za su zo, rabi su tafi. Me ya sa kusan duka suka juya mana baya?

Ba za a amsa ba sai an san nisansu, kuma mabuɗin wannan wata mata ce ta samo shi. Henrietta Leavitt, mai aikin duba farantan hoto a Harvard, ta lura da wasu taurari masu ƙara haske suna ragewa a kan lokaci tsayayye. A 1912 ta nuna cewa wanda ya fi daɗewa kafin ya kammala zagayensa shi ya fi haske na asali. In ka san hasken fitila na asali, ka ga yadda ya dushe, ka san nisanta. A Oktoban 1923 Edwin Hubble, da babban madubin Dutsen Wilson mai faɗin inci 100, ya tsinci irin wannan tauraro a cikin Andromeda. Lissafi ya nuna tabon yana can waje da galaksinmu gaba ɗaya. Ashe ba jaririyar rana ba ce, wani dandazon ne mai zaman kansa.

Yanzu ga gudu a hannu ɗaya, ga nisa a ɗaya. Wanda ya fara haɗa su Georges Lemaître ne, limamin coci ɗan Beljiyam kuma masanin lissafi, a 1927, cikin wata mujallar da ba kowa ke karantawa ba. A 1929 Hubble ya fito da nasa, da galaksi 24, mafi yawan gudunsu daga awon Slipher. Sakamakon ɗaya ne: wanda ya ninka nisa ya ninka gudu. Sunan Hubble kaɗai dokar ta ɗauka shekara da shekaru, sai a 2018 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta ba da shawarar a haɗa da na Lemaître. Slipher, wanda ya sha sanyin, har yau ba kasafai ake tuna shi ba, kuma ina ganin ba a yi masa adalci ba.

Saura tambayoyi biyu, kuma duk masu nauyi ne. Ta farko: ko mu ne a tsakiya, da kowa yake guje mana? Ɗauki galaksi huɗu a jere, tazara ɗaya tsakanin kowane biyu, sannan a ce kowace tazara ta ninka a lokaci guda. Wanda ke kan na farko zai ga na biyu ya ƙara nisa da taki ɗaya, na uku da biyu, na huɗu da uku. Wanda ke kan na uku zai ga na biyu da na huɗu sun ja da taki ɗaya-ɗaya, na farko da biyu. Kowannensu zai rantse shi ne a tsaye. Dokar nan ta mai nisa ya fi gudu ita ce ainihin abin da za a gani daga ko'ina in tazarar da ke tsakanin komai tana ƙaruwa. Lissafin Einstein na 1915 ya ba da damar haka, Alexander Friedmann a Rasha ya nuna shi a 1922, kuma a kan lissafin Einstein ɗin Lemaître ya gina nasa. A wannan fahimta, galaksin nesa ba keta sarari suke yi kamar yadda tirela take keta iska ba. Sararin ne da kansa yake buɗewa, hasken da ke cikin tafiya kuma zangonsa yana miƙewa tare da shi. Andromeda ta fita daban ne saboda kusancinta: ƙarfin jan da ke tsakaninta da galaksinmu ya rinjayi buɗewar. Wani kaso babba na kilomita 300 ɗin nan ma tafiyar ranarmu ce a cikin galaksinmu. In an cire ta, abin da ya rage wajen 110 ne.

Ta biyu: in fa ba motsi ba ne sam? A 1929 ɗin dai Fritz Zwicky ya kawo shawarar cewa wataƙila haske gajiya yake yi a doguwar tafiya, ƙarfinsa ya ragu, ya karkata wajen ja ba tare da komai ya motsa ba. Tambaya ce ta gaskiya, kuma ta daɗe ba a sami abin da zai kashe ta ba. Abin da ya yanke hukunci shi ne agogo. Akwai wani irin tauraro da yake fashewa, haskensa ya tashi ya sauka cikin 'yan makonni, kusan a tsari ɗaya ko'ina. In sarari yana miƙewa, ba zangon haske kaɗai zai tsawaita ba, har tazarar da ke tsakanin hasken farkon fashewar da na ƙarshenta. Tun daga shekarun 1990 ake auna wannan, kuma haka aka gani: fashewar da zangon haskenta ya ninka biyu, tsawon kwanakinta ma ninkawa yake yi. Gajiyar haske ba ta da hanyar jinkirta agogo.

Da aka riƙe wannan mabuɗi, ƙofofi suka yi ta buɗewa. A 1963 Maarten Schmidt ya yi ta fama da bakan wani abu mai kama da tauraro, 3C 273, wanda layukansa ba su dace da na kowane sinadari ba. Sai ya lura da tazarar da ke tsakaninsu: jerin haidirojin ne, ya gusa da kusan kashi 16 cikin 100, layin 486 ya koma wajen 563. Abin da aka ɗauka tauraron unguwa ne, ashe zuciyar wani galaksi ce mai nisan tafiyar haske ta fiye da shekara biliyan 2. A 1970 Vera Rubin da Kent Ford suka auna gefe da gefen Andromeda, ɓangaren da ke juyowa gare mu da wanda ke juyawa baya, suka ga taurarin bakin-baki suna gudu fiye da yadda nauyin abin da ake gani zai iya riƙe su. Wannan na cikin manyan hujjojin cewa akwai wani nauyi da ba ya haske. A 1995 kuma Michel Mayor da Didier Queloz suka ga layukan tauraron 51 Pegasi suna kai da komo duk kwana 4 da 'yan awanni, da gudun mita 50 da wani abu a sakan, saboda wata duniya da ke kewaya shi tana jijjiga shi. Ita ce ta farko da aka gano a gefen tauraro irin rana, kuma ta kai su ga kyautar Nobel a 2019.

Madubin James Webb, da aka harba ranar 25 ga Disamban 2021, an ƙera shi ne musamman don ya ga hasken da ke bayan ja, domin can hasken galaksin farko ya ƙaura. A 2024 ya tabbatar da wani wanda zangon haskensa ya miƙe fiye da ninki 15. Alamar haidirojin da ta baro shi a nanomita 121.6, gaba da shunayya, ta iso a wajen 1,850, bayan tafiyar kusan shekara biliyan 13.5.

Gusawar layi ana auna ta daidai ƙwarai. Nisa ne har yau yake ba da wuya. Hubble ya ce gudun yana ƙaruwa da kilomita 500 a sakan a duk tazarar tafiyar haske ta shekara miliyan 3.26. In aka juya wannan baya, shekarun sararin samaniya ba su wuce biliyan 2 ba, ƙasa da na duwatsun da muke takawa, abin da ba zai yiwu ba. Walter Baade ya gano a 1952 cewa taurarin Leavitt iri biyu ne aka cakuɗa, nisan ya ninka, wasu gyare-gyaren suka biyo baya, adadin ya sauko zuwa wajen 70, shekarun suka tsaya a biliyan 13.8. Sai dai hanyoyi biyu mafi inganci na yau ba su haɗu ba. Awon da tauraron ɗan'adam Planck ya yi wa tsohon hasken farkon halitta ya ba da kusan 67. Ayarin Adam Riess, masu bin hanyar Leavitt da taurari masu fashewa, sun sami kusan 73. Kowane ɓangare ya sake duba lissafinsa, giɓin bai rufe ba, kuma yanzu ana amfani da Webb ana sake auna taurarin Leavitt ɗaya bayan ɗaya a galaksin da ke kusa, don a ga ko kuskuren a ma'aunin nisa yake ko kuwa a fahimtarmu ta yadda sararin ya buɗe.